Jijiyar bagus: tambayoyi da amsoshi kan suma, bugun zuciya, ciki da murya

Kwanakin nan maganar jijiyar bagus ta cika wayoyin mutane, wannan ya ce ka murza wuyanka, wancan ya ce ka tsoma fuska a ruwan ƙanƙara damuwarka ta gudu, har da masu tallan wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a kunne. Jijiyar nan gaskiya ce, tana jikin kowa, kuma aikinta ya wuce abun da masu tallan ke faɗa nesa ba kusa ba. Sai dai ɓangaren da ya fi shafarmu mu nan Gombe, wato suma da ciwon suga da gubar maganin feshi, shine ba a cika taɓowa ba. Ga tambayoyin da aka fi yi min da abun da nake amsawa.

Wai wace jijiya ce wannan, ta jini ce?

A'a, jini baya bi ta cikinta, saƙo take ɗauka. Akwai jijiyoyin saƙo guda 12 bibbiyu da suke fitowa daga kai, to ita ce ta 10, a takardar asibiti zaka ga an rubuta vagus. Biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu. Daga tushen ƙwaƙwalwa take fitowa can wajen ƙeya, ta fita ta wata ƙofa a ƙasan ƙoƙon kai, ta gangaro ta wuya manne da wannan babbar jijiyar jinin da kake ji tana harbawa in ka ɗora yatsa a gefen maƙogwaro, ta shiga ƙirji ta ba zuciya da huhu rassa, ta bi bututun abinci ta ratsa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, daga nan ta watsu a tumbi da hanta da gaɓar da ke yin insulin da ƙaramin hanji har zuwa wani ɓangare na babban hanji. Mafitsara da dubura ba nata bane, su wasu jijiyoyi ne daga ƙasan gadon baya ke kula dasu.

Abun da mutane da yawa basu sani ba, kusan kashi 80 cikin 100 na zaren da ke cikinta rahoto suke kaiwa sama, ba umarni suke kawowa ƙasa ba. Tumbi ya cika, jini ya hau, huhu ya buɗe iya buɗewa, wani abu ya shiga maƙoshi, an ci abun da ya lalace, duk ita ke sanar da ƙwaƙwalwa kai baka ma san anyi ba.

Malam, me ya haɗa ta da zuciya?

Ita ce birkin zuciya. Zuciya tana da wani ɗan wuri a cikinta da ke kunna bugu da kansa, in aka ƙyale shi ba wanda ya sa mishi hannu zai dinga bugawa wajen sau 100 a minti ɗaya. Amma ka auna na lafiyayyen mutum yana zaune zaka samu 60 zuwa 80 galibi, to wannan ragin aikin bagus ne, dare da rana tana taka birkin a hankali. In ka miƙe da gudu, abun farko da jiki ke yi shine ya ɗaga ƙafa daga birkin, sannan daga baya jijiyoyin da ke zaburar da jiki su ƙara wuta. Shi yasa wanda aka yi wa dashen zuciya, tunda an yanke jijiyar wajen aikin, bugunsa yana zaune ma yakan kai 90 zuwa sama da 100.

Yanda aka gano sirrin abun ma yana da daɗin ji. A 1921 wani masani mai suna Otto Loewi a garin Graz na ƙasar Ostiriya ya ɗauko zuciyar kwaɗi guda biyu yasa kowacce cikin ruwan gishiri suna bugawa, ya tsokani jijiyar bagus ta ɗaya da lantarki bugunta ya ragu, sai ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyun wadda bai taɓa ba, itama nan take ta rage gudu. Nan aka tabbatar jijiya wani sinadari take fitarwa, shine wanda yanzu ake kira asetilkolin. Wannan aikin yasa aka bashi kyautar Nobel a 1936 shi da Henry Dale na Ingila. Ku riƙe sunan sinadarin nan dan zai dawo a maganar maganin feshi.

'Yata ta yanke jiki ta faɗi a asambuli, mutane na ta cewa iska ce. Me ke kawo haka?

Hajiya, mafi yawan irin wannan faɗuwar birkin nan ne aka taka da ƙarfi lokaci guda. Mutum ya daɗe a tsaye, ga zafin Maris da Afrilu irin namu, ƙila bata karya ba, jini ya taru a ƙafafu, sai jiki ya rikice bagus ta rage bugun zuciya, jijiyoyin jini kuma su saki, jinin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu na 'yan daƙiƙu, shikenan sai a ga mutum a ƙasa. Faɗuwar ma ita ke gyara abun, dan da zarar kai ya daidaita da zuciya jini ya koma.

Ba yara mata kaɗai ba. Ki je ɗakin ɗibar jini ki ga ƙato majiyi ƙarfi da ya zo ba matarsa jini, yana ta hira da dariya, ana fito da allura sai ya yi shiru, ya fara hamma, gumi mai sanyi ya feso mishi a goshi, leɓensa ya yi fari, ya ce kunnensa na ƙara kuma yana ganin duhu duhu, kafin a ce me ya sulale. Ba ragwanta bace ba kuma tsoro kaɗai ba, haka jikin wasu yake. Ganin jini, labarin rasuwa, ciwo mai tsanani, yunƙuri a bayi, tashi fitsari cikin dare, doguwar tsayuwar tahajjud bayan an wuni da azumi ba a sha isasshen ruwa ba, duk suna iya tada shi. Wajen mutum ɗaya cikin uku zai suma ko sau ɗaya ne a rayuwarsa.

Abun yi, a kwantar da ita rigingine a inuwa, a ɗaga ƙafafunta sama a ɗora kan benci ko wani ya riƙe, a sassauta hijabi ko abun da ya matse wuya, jama'a su ja baya iska ta shiga. Dan Allah kar a zaunar da ita, kar a miƙar da ita tsaye, wannan shine kuskuren da aka fi yi kuma shi ke sa ta sake tafiya. Kar a ɗura mata ruwa a baki tana sume, zai iya wucewa huhu, kar a cusa cokali. Galibi cikin minti ɗaya zuwa biyu ta farfaɗo, ta san inda take, sai dai gajiya. Wani lokaci hannu ko ƙafa kan ɗan fizga sau kaɗan, wannan kaɗai baya nufin farfaɗiya. Addu'a kuwa ba wanda ya hana, a yi ta ana ɗaga ƙafar.

In ta saba jin alamun, ki koya mata ta tsuguna ko ta kwanta tun kafin ta faɗi, ko ta harɗe ƙafafu ta ɗaure cinyoyi ta dunƙule hannu da ƙarfi, yana taimakawa sosai. Ta karya kafin ta fita, ta sha ruwa. Malamai kuma su rage tsawon asambuli lokacin zafi, wallahi ba wani abun da za a rasa.

To kenan suma ba abun damuwa bane?

Kar a fahimce ni haka. Akwai sumar da daga ciwon zuciya take kuma tana kisa. Wanda ya suma yana cikin gudu ko buga ƙwallo ko ɗaukar kaya, wanda ya suma yana kwance, wanda ya faɗi ba wata alama ko ɗaya, wanda ya ji ƙirji na ciwo ko zuciya na dukan uku uku kafin nan, wanda a danginsu akwai matashin da ya mutu farat ɗaya, dattijon da bai taɓa yi ba sai yanzu, mai ciki, mai zubar jini, wanda bai dawo hayyacinsa da wuri ba, duk waɗannan asibiti ne a ranar. A auna jini da suga, a duba ko akwai ƙarancin jini, a yi gwajin zuciya na ECG. Mace mai ƙaramin ciki ko wadda al'adarta ta ɗauke in ta suma da ciwon mara, a ruga da ita, cikin bayan mahaifa na iya fashewa.

Me yasa in na sosa kunne sai tari ya kama ni?

Akwai ɗan ƙaramin reshen bagus da ke zuwa ramin kunne. Wasu mutane, ba kowa ba, in suka zura gashin kaza ko tsinken ashana ko auduga suka taɓa wajen, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka abu ne ya shiga maƙoshi ta saki tari. Ba ciwo bane. Amma dai a daina zura abu a kunne, tura dattin ciki ake yi kuma ana fasa dodon kunne a haka.

Goggona anyi mata aikin maƙoƙo, tun daga nan muryarta ta dishe. Akwai alaƙa?

Akwai. Jijiyar da ke motsa tantanin murya reshen bagus ce, kuma hanyarta abun mamaki ce, sai ta gangara har ƙirji ta zagayo ta ƙarƙashin babbar jijiyar jini sannan ta hauro ta koma maƙogwaro, ta bi ta bayan ƙullutun da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Likitan tiyata yana nemanta ya kauce mata, amma in maƙoƙon ya yi girma sosai ko ya daɗe tana iya jawuwa ko ta bugu. Mafi yawa muryar na dawowa cikin makonni ko 'yan watanni, kaɗan ne ke zama haka. Ta koma wajen waɗanda suka yi aikin, su tura ta ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro a leƙa. In tana ƙwarewa in ta sha ruwa ko numfashi na mata wuya, kar a jira ranar da aka rubuta mata.

Saboda wannan zagayen da jijiyar ke yi ta ƙirji, dishewar muryar da ta wuce sati uku ba mura ba komai, musamman ga mai shan taba, a je a duba, wani lokaci matsalar a ƙirji take. Haɗiya ma bagus na ciki, shi yasa wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki yake ƙwarewa, irinsu ba a ɗura musu kunu suna kwance, a zaunar dasu a basu kaɗan kaɗan, in suna tari duk haɗiya a tsaya a gaya wa likita. Kuma in likita ya ce ka buɗe baki ka ce aaa yana haska fitila, ɗagawar ganda da tsayuwar beli yake kallo dan ya ga ko jijiyar na aiki. Belin nan halitta ce mai amfani, cire shi da ake wa jarirai ba abun da yake jawowa sai zubar jini da shigar ƙwayar cuta.

Ance ita ke kawo olsa, haka ne?

Rabin gaskiya ne. Ita ke ba tumbi umarnin fitar da ruwan tsami mai narka abinci, tun kafin loma ta shiga baki ma, kana jin ƙamshin suya ciki ya fara ƙugi, aikinta ne. Shi yasa a da in olsa ta ƙi ji sai a yi tiyata a yanke jijiyar a wajen tumbi, wani likita a Chicago mai suna Lester Dragstedt ya fara yaɗa wannan aikin a 1943 kuma an yi shekaru ana yi. Sai a 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi, H. pylori, ita ce ke bayan mafi yawan gyambon, suka samu Nobel a 2005. Abu na biyu da ke kawo shi shine magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen da asfirin da mutanenmu ke sha kaman gyaɗa, leburori da 'yan acaba da tsofaffi masu ciwon gwiwa. Yanzu da wuya a yanke jijiyar, gwajin ƙwayar ake yi a bada magani na kwana 10 zuwa 14 a haɗa da mai rage tsami irin omefirazol. Mai olsa da ya ga kashinsa ya yi baƙi ko ya yi aman jini, wannan ba na kemis bane.

Baba na da ciwon suga shekara da shekaru, yanzu loma uku ya ce ya ƙoshi, ciki ya kumbura, wani lokaci ya amayar da tuwon jiya. Menene?

Wannan tambayar na so a ce an fi yi min ita. Suga in ya daɗe yana sama yana cin jijiyoyin saƙo, kowa ya san na ƙafa, jin dindiris da zafi kaman barkono, amma bagus ma yana cinta, tunda doguwa ce. In ta raunana tumbi baya matsa abinci ya tura shi hanji akan lokaci, sai abinci ya kwana a ciki. Alamun sune waɗanda ka lissafa, ga tashin zuciya da gyatsa da rama. Kuma yana rikita sugan kansa, a sha magani ko ayi allurar insulin abinci bai wuce ba suga ya faɗi, can anjima ya wuce suga ya yi sama, iyali su rasa gane kan abun.

Amma kar ku yanke hukunci a gida, dan toshewar bakin tumbi da ciwon daji suna zuwa da irin wannan alamar, dattijo mai amai da rama dole a leƙa cikin da na'ura. In aka tabbatar jijiyar ce, ana rage yawan abincin a ƙara yawan lokutan, sau biyar ko shida a rana kaɗan kaɗan, mai laushi, a rage maiƙo da abu mai ɓawo da yawa, ya tauna sosai, kar ya kwanta yana gama ci, ya ɗan taka. Akwai magungunan da ke taimaka wa tumbi ya motsa, likita ne zai rubuta dan suna da illa in aka daɗe ana sha. Ku kuma lura ko bugun zuciyarsa kullum yana sama ko yana jin jiri in ya miƙe, ku faɗa wa likitan, dan masu irin wannan lalacewar jijiya ciwon zuciya kan iya kama su ba tare da sun ji ciwon ƙirji sosai ba.

Ina ruwan jijiya da maganin feshi kuma?

Ruwa da tsaki. Mu jihar noma ce, wake, masara, auduga, ga 'yan noman rani a Dadin Kowa, kowa da bututun feshi a baya. Da yawa daga magungunan ƙwarin nan, irin wanda zaka ga an rubuta DDVP a jikin kwalbar, da ota fiya fiya da ake haɗawa a sayar a 'yan kwalabe, aikinsu shine su hana jiki rusa asetilkolin ɗin da na faɗa a baya. A ƙa'ida jijiya ta saki sinadarin, ya isar da saƙo, nan take a share shi. In ba a share ba sai ya taru, ya zama birkin an danne shi an ƙi ɗagawa. Zaka ga mutum miyau na dalala, hawaye, gumi sharkaf, amai, gudawa, ƙwayar ido ta tsuke ta zama 'yar mitsitsiya, bugun zuciya ya sauka, ƙirji na ƙara saboda majina ta cika huhu, naman jiki na rawa. Abun da ke kisa shine numfashi, huhu ya cika da ruwa kuma naman da ke jan numfashi ya gaza.

Ba sai an sha ba, yana shiga ta fata da ta hanci. Matashi ya yi feshi tsakar rana ba riga ba takunkumi, tankin na ɗiga a bayansa, iska na maido mishi, ya gama ya ci abinci bai wanke hannu ba. Ko a zuba a gorar lemo a ajiye ƙarƙashin gado yaro ya ɗauka.

In ya faru, a cire mishi kayan, a wanke jikin da ruwa da sabulu, mai wankewar ya sa leda a hannu, a kwantar dashi ta gefe, a tafi asibiti da kwalbar a hannu. Kar a bashi manja, kar a bashi madara ko nono, kar a sa mishi yatsa ya yi amai, duk wannan huhu yake wucewa ya ƙara kashe shi. Maganin yana asibiti, allurar atrofin, ita ke toshe wajen da sinadarin ke kamawa, kuma ana ta maimaita ta har sai ƙirji ya bushe. Wanda aka kai da wuri galibi yana tashi. In kuma da gangan mutum ya sha, bayan an ceto shi yana buƙatar a zauna dashi a ji damuwarsa a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, ba zagi da gori ba.

Masu zuba irin wannan maganin a buhun wake dan kar ya yi ƙwari, ku ji tsoron Allah. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan wannan sinadarin a ciki, to mu da muke ci kullum fa. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska bata shiga yana kashe ƙwarin ba tare da ko ɗigon magani ba.

Kishiyar wannan gubar itace zaƙami. Shi toshe aikin asetilkolin ɗin yake yi, shi yasa yaron da aka zuba wa a shayi ko zoɓo zaka ganshi baki ya bushe, jiki zafi ba gumi, ido ya buɗe, zuciya na gudu, yana surutai yana kama abun da babu. Shima asibiti ne.

Numfashi a hankali da ruwan sanyi da ake nunawa a TikTok, da gaske suna aiki?

Wani yana yi wani kuma talla ce. Na numfashi yana da tushe. Ɗora yatsa a wuyan hannunka ka ja numfashi, zaka ji bugun ya ɗan ƙara sauri, ka sake shi a hankali zaka ji ya lafa, a jikin yara da matasa abun ya fi fitowa. Duk fitar numfashi bagus na ƙara kamawa. Dan haka in ka ja na daƙiƙa 4 ka fitar na daƙiƙa 6, wato wajen sau 6 a minti, ka yi minti biyar zuwa goma, jiki na lafawa, faɗuwar gaba na raguwa, jini ma kan ɗan sauka na wani lokaci. Mai karatu da tartili yana jan madda dama a haka numfashinsa ke tafiya. Kyauta ne, ba illa, ina ba mutane shawarar su yi kafin barci ko in rai ya ɓaci.

Ruwan sanyi a fuska shima yana rage bugun zuciya na ɗan lokaci, musamman in an riƙe numfashi. Amma mai ciwon zuciya kar ya gwada tsoma kai a ƙanƙara.

Inda nake rabuwa dasu shine cewa wai wannan zai warkar da hawan jini ko suga ko ciwon damuwa. Ba zai yi ba. Kar wanda ya ajiye maganin hawan jininsa saboda bidiyo, shanyewar jiki bata jiran kowa. Kurkure maƙogwaro da gunji da ake cewa suna ƙarfafa jijiya, hujjarsu bata da ƙarfi. Kuma wannan tunanin na cewa duk yanda bagus ta ƙara aiki alheri ne kuskure ne, ita ce fa ke sumar da mutum, ita ke tsuke hanyar iska ta ƙara majina a huhun mai asma, har akwai maganin shaƙa na asma da aikinsa shine ya toshe ta. Abun da aka tabbatar yana gyara aikinta a zuciya shine motsa jiki akai akai, shi yasa 'yan wasan da suka horu bugunsu yana zaune kan sauka 50 ko ƙasa. Sai isasshen barci, barin taba, da riƙe suga.

Zuciyata kan tashi da gudu farat ɗaya ina zaune, wani ya ce in murza gefen wuya. In yi?

Kar ka yi. A gefen wuyan akwai wajen da ke auna hawan jini, murza shi na iya tsayar da zuciya na wasu daƙiƙu, a jikin manya kuma yana iya ɓantaro daskararren kitse daga jijiyar jini ya tafi ƙwaƙwalwa. Likita ne ke yi, da na'ura a jikin mara lafiya. Danna ido ma da wasu ke yi haɗari ne.

Akwai wani nau'in gudun zuciya da ke farawa lokaci guda ya kai 150 zuwa sama da 200 ya kuma tsaya lokaci guda, shi ana iya karya shi ta hanyar bagus. A asibiti sai a ba mutum sirinji mai cin mil 10 ba allura, yana zaune a jingine, a ce ya hura da ƙarfi kaman zai tura abun ciki baya na daƙiƙa 15, yana gamawa a kwantar dashi a ɗaga ƙafafunsa na wasu daƙiƙa 15. Wani bincike da aka yi a Ingila aka buga a 2015 ya nuna da ɗaga ƙafar kashi 43 cikin 100 bugunsu ya dawo daidai, ba ɗagawa kuwa kashi 17. Amma sai an yi ECG an san irin naka tukun, dan ba kowane gudun zuciya ke jin wannan ba, wani ma ƙarancin jini ne ko zazzaɓi ko maƙoƙo mai guba ko yawan shan lemon ƙara kuzari.

Da gaske akwai na'urar da ake dasawa a jijiyar dan masu farfaɗiya?

Akwai. 'Yar ƙarama ce mai batir, ana sa ta ƙarƙashin fatar ƙirji, a jawo siririyar waya a naɗa a bagus ta hagu a wuya, tana aika lantarki kaɗan kaɗan lokaci zuwa lokaci. Hagu ake zaɓa saboda ta dama ta fi taɓa wajen da ke kunna bugun zuciya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita dan farfaɗiyar da ta ƙi jin magani a 1997, dan ciwon damuwa mai taurin kai a 2005, sannan a 2021 dan taimaka wa hannun da ya shanye tare da gashi da motsa jiki. Rage yawan faɗuwa take yi a wajen wasu, da wuya ta ɗauke ta gaba ɗaya, tana dishe murya da sa tari lokacin da take aiki, ga tsada.

Ni abun da zan faɗa wa iyayen mai farfaɗiya a nan shine kar hankalinku ya tafi can. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ciwon za su iya daina faɗuwa in suka samu maganin sha da ya dace suna sha kullum ba fashi. Matsalarmu ita ce ɓoye yaro a ɗaki, da sha a bari in an ga sauƙi. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau. 'Yan na'urorin kunne da ake tallatawa a Facebook kuwa ba ɗaya suke da waccan ba, kar ka kai kuɗinka.

Ance nono da kindirmo suna maganin damuwa ta hanyar jijiyar nan?

Tushen maganar wani gwaji ne da aka buga a 2011, aka ba ɓeraye wata ƙwayar halitta mai amfani irin dangin na cikin nono, aka ga alamun tsoronsu sun ragu, da aka yanke musu bagus sai amfanin ya ɓace. Ya nuna hanji na magana da ƙwaƙwalwa ta wannan hanyar. Amma ɓera daban mutum daban, a jikin mutane ba a kai ga cewa magani bane. Sha furarka da nono mai tsafta wanda aka tafasa madarar kafin a ɗaura, abinci ne mai kyau. Wanda ya daina barci ya daina cin abinci ya ƙaurace wa mutane yana cewa gara ya mutu, likita yake buƙata.

Shaƙuwa fa?

Bagus na ciki, ita da jijiyar da ke motsa tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Cika ciki, yaji, lemon kwalba, ci da sauri, duk suna iya tada shaƙuwa. Riƙe numfashi ko kurɓar ruwan sanyi a hankali kan tsayar da ita. In ta wuce kwana biyu a je asibiti, ciwon ƙoda da matsalar ƙirji ko ƙwaƙwalwa kan zo da ita.

Akwai gwajin da zan yi in san tawa lafiyarta ƙalau? Wane likita zan gani?

Ba wani gwajin jini guda ɗaya da ke auna ta, duk wanda ya ɗora maka hannu a kan wata na'ura a shago ya ce ya ga jijiyarka ta yi rauni ga maganin dubu kaza, ka tashi ka tafi. Agogon hannu da ke nuna bambancin tazarar bugun zuciya yana bada ɗan haske, amma lambar na canzawa da shekaru da barci da zazzaɓi, ba a gane ciwo da ita. Likita alamar da ka zo da ita yake bi. Mai suma a auna jininsa a kwance da a tsaye a yi ECG, mai dishewar murya a leƙa maƙogwaro, mai amai da kumburi a leƙa tumbi, mai suga a sa shi ya yi dogon numfashi ana kallon yanda bugunsa ke canzawa. Ka fara da babban asibitin da ke kusa dakai, ko Kumo kake ko Bajoga ko Kaltungo ko Dukku, in abun ya fi ƙarfinsu za su baka takarda zuwa Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke cikin Gombe. Ka tafi da duk magungunan da kake sha har na gargajiya, in kuma suma ce ka tafi da wanda ya ga faɗuwar da idonsa, dan bayaninsa na minti biyu yakan fi gwaji da yawa amfani wajen likita.